Albashi Na Shiga, Gida Na Cin Bashi: Nazarin Lamarin Wani Saje Da Ya Yi Aiki A Darfur

A makon farko na watan Nuwamban 2015 ƙanwata ta kira ni da sassafe, ta ce mini na'urar cirar kuɗi tana nuna wa ƙanen mijinta cewa albashin wata ya shiga, amma ta ƙi ba shi ko sisi, ga shi kuma ranar ce ta yi wa makarantar yara alkawarin cika kuɗin zango. Mijinta saje ne a rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya, kuma a lokacin yana cikin bataliyar da aka tura yankin Nyala, babban birnin Darfur ta Kudu a ƙasar Sudan, ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka wadda ake kira UNAMID. Tun daga wannan safiya har zuwa dawowarsa a tsakiyar 2016, wato kimanin wata takwas, albashinsa bai taɓa fashin shiga asusu ba, amma matarsa da 'ya'yansa huɗu da mahaifiyarsa da ke ƙauye ba su ci ko ƙwandala daga cikinsa ba. Ni ne na yi ta zirga-zirgar banki tare da ita, ni ne kuma na riƙa karɓar aike a Kano, don haka abin da zan faɗa a nan a gabana ya faru. Na sakaya sunayen mutanen da na bankin da na kamfanin waya, domin babu wanda ya cuce su a cikinsu, kuma abin da ya same su zai iya samun duk gidan da maigidansa ya tafi aikin soja wata ƙasa.

Kafin a fahimci inda aka samu matsala, sai an san cewa kuɗin sojan da ke aikin wanzar da zaman lafiya a waje ba ta hanya ɗaya suke zuwa ba. Akwai albashinsa na gida, wanda ake ci gaba da biya da naira cikin asusunsa na banki kamar yana bariki. Akwai kuma alawus na aikin waje, wanda shi ne abin da kowa yake hange idan aka ce wane ya samu tafiya. A nan mutane da yawa suke kuskure, suna zaton Majalisar Ɗinkin Duniya ce take danƙa wa kowane soja wannan kuɗi a hannu. Gwamnatin ƙasar da ta ba da dakaru ce Majalisar take biya, bisa ƙayyadadden adadi a kan kowane soja a kowane wata. An daɗe ana biyan dala 1,028, sai a watan Yulin 2014 aka ɗaga zuwa dala 1,332, sannan ya koma dala 1,365 a Yulin 2016. Kowace ƙasa ita take yanke nawa za ta ba sojanta daga ciki, da lokacin da za ta ba shi, domin a cikin kuɗin akwai lissafin horo da kayan sawa da sauran ɗawainiya. A tafiyar su Saje, ɗan wani abu ake ba su a can, mafi yawan kuɗin kuwa sai an dawo gida. Abin da Majalisar take ba ɗan bataliya kai tsaye a lokacin shi ne dala 1.28 a kowace rana, wato abin da bai kai dala 40 ba a wata, sai kuma ɗan alawus na hutu, dala 10.50 a rana na 'yan kwanaki ƙididdigaggu. Wannan kuɗin sabulu ne da katin waya, ba na riƙe gida ba.

Batun wannan alawus yana da tarihi mai zafi a bariki, kuma duk sojan da ya kai shekarun Saje a aiki ya san shi. A watan Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin Laberiya suka tare hanya a Akure suna ƙorafin ba a biya su haƙƙinsu cikakke ba, kotun soja kuma ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a Afrilun 2009, kafin daga baya a sassauta hukuncin zuwa shekara bakwai. Na kawo wannan ne domin ya nuna inda hankalin soja yake tafiya idan ana maganar kuɗin aikin waje: duk tunaninsa yana kan dalar da zai karɓa a ƙarshe, ko za ta zo cikakkiya, ko za ta yi jinkiri. Albashin naira kuwa, wanda a kansa ne tukunyar gida take ɗoruwa kullum, ana ɗaukarsa abin da ba ya buƙatar wani shiri. A lamarin Saje dalar ta zo lafiya. Nairar ce ta maƙale.

Shirin da ya bari kafin ya tashi shi ne wanda mafi yawan mutanenmu suke yi, kuma ni kaina da ya gaya mini ban ga aibinsa ba a lokacin. Yana da asusu biyu a bankuna biyu. Na farko shi ne na albashi, wanda ya buɗe tun yana ƙaramin soja, kuma akwai bashin da ya ci a wannan banki don rufin ɗakunan da yake ginawa a garinsu, ana cirewa kowane wata. Na biyu asusun ajiya ne da ba kasafai yake taɓawa ba. Katin asusun albashi da lambar sirrinsa ya miƙa wa ƙanensa, saurayi mai sayar da kayan masarufi a cikin gari, da sharaɗin ya riƙa cire kaza ya kai wa matar, kaza ya aika wa tsohuwa, sauran ya bar shi ya taru. Layin wayarsa da alat yake shigowa ta ciki ya bar wa matar, don ta riƙa ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Katin asusun ajiya kuwa ya sa a aljihu ya tafi da shi, da nufin ko buƙata za ta taso a can. Ƙanwata ba ta da asusu ko ɗaya da sunanta. Duk wannan tsari a baki aka yi shi, a wani ɗan hutun kwana biyu da suka samu daga horon shirin tafiya a Jaji, babu takarda, babu shaida, babu wanda ya je banki ya sanar da komai.

A ganinsa ya raba amana gida biyu, ɗaya yana riƙe da mabuɗi, ɗaya tana riƙe da ido, kuma dabara ce mai ma'ana. Sai dai mabuɗin da idon duk da sunansa suke, kuma duk ranar da aka ce sai mai sunan ya zo da kansa, su biyun ba su da ta cewa.

Idon ne ya fara rufewa. A watan Agustan 2015 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya da su rufe duk layin da rajistarsa ba ta cika ba, kuma maganar ta yi tsanani har aka ci wani babban kamfani tarar naira tiriliyan 1.04 a watan Oktoba saboda jinkirin rufe layuka sama da miliyan biyar. Layin Saje yana cikin waɗanda aka rufe, domin a bakin titi ya yi masa rajista shekarun baya, kuma hoton yatsunsa bai fita ba. Ƙanwata ta bi layi a ofishin kamfanin yini guda, da ta isa gaba aka ce mata yatsun mai layin ake buƙata. Daga nan alat ya daina zuwa. Ba ta ɗauki abin da zafi ba tunda ƙanen mijin yana kawo kuɗin cefane a kan kari, ni ma da ta faɗa mini cewa na yi ta bari sai ya dawo. Wannan shawara tawa kuskure ce, domin a ranar ya kamata mu tambayi kanmu wane abu ne kuma yake rataye a kan zuwansa da kansa.

Amsar tana tafe. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, domin kowane mai asusu ya kasance da lamba ɗaya da ke ɗauke da hoton yatsunsa da fuskarsa a duk bankunan ƙasar. An fara sa wa'adin 30 ga Yunin 2015, da cunkoso ya yi yawa aka ɗaga zuwa 31 ga Oktoba, bayan nan kuma duk asusun da ba a haɗa shi da lambar ba kuɗi za su iya shiga cikinsa amma mai shi ba zai iya cirewa ba. Saje ya yi rajistar kafin ya tafi, shi ya sa hankalinsa yake kwance. Amma a bankin ajiyarsa ya yi, domin nan ne layi ya fi sauƙi a ranar, sannan ya rubuta lambar a fom ya ajiye a bankin albashi ya wuce, yana ganin an gama. Ba a gama ba. Sunayenmu idan aka rubuta su da boko sukan fito kala-kala, kamar yadda ake samun Muhammad da Mohammed da Muhammed duk a takardun mutum ɗaya, wani wuri sunan uba ne a gaba, wani wuri sunan gari ne a ƙarshe. Nasa haka ya kasance: rubutun sunan da ke kan BVN ya saɓa da na tsohon asusun, ranar haihuwa ma ta bambanta da shekara guda. Bankin ya tura saƙon cewa ya zo ya gyara, amma saƙon ya tafi layin da aka riga aka rufe.

Ranar da muka je bankin, ma'aikaciyar da ke teburin kula da abokan hulɗa ta saurare mu da mutunci. Ƙanwata ta baje takardar aure da hotonsa cikin kaki da takardun haihuwar yara a kan tebur, ta ce, "Ni ce matarsa, sunana ne ma ya rubuta a wurin magaji." Matar ta duba kwamfuta, ta ce, "Gaskiya ne, Hajiya, sunanki ne. Amma wannan wurin don a san wanda za a nema ne idan wani abu ya faru, bai ba ki ikon taɓa asusun ba." Ta kuma ja hankalinmu a hankali cewa bai wa wani kati da lambar sirri ya saɓa wa ƙa'idar banki tun asali, don haka ƙanen mijin ba shi da matsayin da zai yi magana a kai. Abin da ake buƙata shi ne mai asusun da kansa, da takardar rantsuwa daga kotu a kan sunan da ranar haihuwar, da katin shaidarsa. A bakin ƙofa ƙanwata ta tsaya ta ce mini, "Yaya, shekara goma sha biyu ina gidan mutumin nan, ashe a wurinsu ni baƙuwa ce." Ban ga laifin bankin ba, domin dokar da ta hana ta ita ce take hana ɓarawo, amma maganarta ta zauna mini, kuma ita ce ainihin lamarin: ba a taɓa shigar da ita cikin takarda a matsayin mai iko ba, sai a matsayin wadda za a kira in an yi rasuwa.

Mun gwada sauran hanyoyi. Mun nemi a karkatar da albashin zuwa asusun ajiya mai BVN, sai aka tuna mana da bashin rufin ɗaki, wanda sharaɗinsa shi ne albashi ba zai bar wannan banki ba sai an gama biya. Kuma lalle bankin ya ci gaba da cire kasonsa kowane wata, tunda dokar cirewar mai asusu ta hana, ba ta banki ba. Wasiƙar da aka rubuto daga bariki ta tabbatar da cewa yana bakin aiki a waje, amma ba ta iya zama madadin yatsunsa da sa hannunsa ba. An buɗe wa 'yan Nijeriya mazauna ƙetare cibiyoyin rajista, an kuma ƙara musu wa'adi, sai dai cibiyoyin suna manyan birane ne irin su Landan da Dubai, ba a Nyala ba.

Daga can ɓangarensa kuwa ƙofofin a rufe suke saboda dalilin da ya girmi bankinsa. Tun a 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki, ba a kuma ɗage shi ba sai a Oktoban 2017, don haka a lokacin katunan Visa da Mastercard ba sa aiki a ƙasar. Katin da ya tafi da shi don ko-ta-kwana bai amfane shi da komai ba, ya kuma raba gidan da asusu ɗaya tilo da yake da rai. Bayan da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 saboda karya takunkuman da suka haɗa da na Sudan, bankunan duniya suka ƙara gudun duk wata hulɗa da ta shafi ƙasar, aika kuɗi ta banki daga can ya zama abin da ƙaramin soja ba zai ma fara ba. Ya yi tunanin neman izinin zuwa gida, amma kuɗin jirgi daga Nyala zuwa Khartum sannan zuwa Kano da komawa ya fi duk abin da ke hannunsa, tunda babban alawus ɗin bai zo ba tukuna. Ko waya ma sai an daidaita lokaci, domin a wancan lokaci Sudan tana gaban Nijeriya da awa biyu, sa'ar da ya sauka daga sintiri yakan tarar banki ya kusa tashi.

Abin da ya riƙe gidan a watannin nan tsofaffin hanyoyi ne. Magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji, ita ta fara tsayawa, ta sa aka ba ƙanwata kwasar farko a adashin matan layinsu alhali ba ita ce a kan layi ba, ta kuma raka ta wurin mai shago a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, aka buɗe mata littafin bashi na shinkafa da mai da sabulu. Ni na ɗauki kuɗin makaranta na zango biyu. Ƙanen mijin ya riƙa aika wa tsohuwa daga ribar shagonsa. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mace mai 'ya'ya huɗu ba ta iya rayuwa a kan littafin mai shago har wata takwas ba tare da an riƙa rage shi ba.

A nan ne Hausawan Sudan suka shigo. Duk wanda ya san tarihin hanyar Makka ta ƙasa ya san cewa dubban mutanenmu sun yada zango a Sudan ba su ƙarasa ba, ko sun dawo sun zauna, ban da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda zuriyarsu ta kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu suna kasuwannin ƙasar har yau, da Hausarsu a baki. Ta hannun wani tafinta Saje ya san wani dattijo ɗan kasuwa a Nyala mai hulɗar kaya da Kano. Tsarin mai sauƙi ne: Saje ya tara 'yan dalolin da yake samu a can ya ba dattijon, dattijon ya kira abokin cinikinsa a Kano, ni kuma in je wata rumfa a Kantin Kwari in faɗi kalmar da aka ba ni a waya. Zuwana na farko na tarar da mai rumfar yana auna atamfa, bai ko ɗaga kai sosai ba ya ce, "Malam, kai ne na wajen sojan?" Na faɗi kalmar, ya jawo leda daga ƙarƙashin benci ya ƙirga mini, ya rubuta wani abu a bayan kwalin turmi, shi ke nan. Babu rasit. Sau biyar muka yi haka, ba a taɓa cin ko naira ba, amma farashin da suke lissafa dala ya gaza na kasuwa, kuma da dattijon ya rasu ko ya musa a tsakani, da babu inda za mu kai ƙara. Ina girmama amanar mutanen nan matuƙa, sai dai ba zan ce wa kowa ya gina shirin gidansa a kanta ba, musamman soja da ke ƙarƙashin dokokin rundunarsa game da hulɗa da mutanen gari.

Da ya dawo, abin da ya gagare mu wata takwas kwana uku ya ɗauke shi: rana ɗaya a kotu don takardar rantsuwa, rana ɗaya a banki, rana ɗaya a ofishin kamfanin waya, inda ya yi sa'a ba a riga an sayar wa wani da lambar ba. Sai ya nemi a buga masa bayanin asusu tun daga ranar da ya tafi, kuma a nan ne rauni na biyu ya bayyana. Daga lokacin da alat ya daina zuwa har zuwa rufe asusun, abin da ƙanensa ya cire ya zarce abin da aka yi yarjejeniya da kusan albashin wata guda da rabi. Da aka zauna, yaron bai musa ba. Ya lissafa: asibitin tsohuwa sau biyu, takin gonar gado, gudummawar sunan 'yar ƙanwarsu, da wani kawu da ya zo da kukan an kore shi daga haya. Ya ce, "Yaya, da kana nan ai da ka bayar." Wataƙila haka ne, kuma na yarda bai ci don kansa ba, ga shi ya riƙe tsohuwa da kuɗinsa daga baya. Amma ba shi da ko layi ɗaya a rubuce, kuma matar da aka ce ta zama ido ba ta san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dangi sun san wanda kati yake hannunsa, kuma saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba ya iya cewa kawunsa a'a da kuɗin da kowa yake ganin na ɗan'uwa ne da ya tafi ɗebo dala. An ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, aka kuma bar zumunci ya biya kuɗin. Sai da aka shekara kafin shi da matar wansa suka koma gaisawa da sakin fuska.

Hasara ta uku ba a ganinta a takardar banki. Albashin da ya taru cikakke ne a lissafi, amma nairar da ya tarar ba ita ce wadda ya bari ba. A Nuwamban 2015 ana sayar da dala wajen naira 230 zuwa 240 a kasuwar canji, yayin da farashin hukuma yake 197. A Janairun 2016 Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala, a watan Mayu litar fetur ta tashi daga naira 86.50 zuwa 145, ranar 20 ga Yuni kuma aka saki farashin hukuma ya faɗa wajen 280 a yini ɗaya, kasuwa kuwa ta haura 350. Naira dubu ɗari da ta kwanta a asusun tun Nuwamba tana daidai da dala 420 da 'yan kai, amma a Yuli ba ta wuce dala 280 ba. Bashin mai shago ma haka ya riƙa hawa, domin kowane wata da sabon farashi ake rubuta mudun shinkafa.

Wannan faɗuwar ta naira ita ce kuma ta ɗaga darajar dalar da aka biya shi, shi ya sa duk wanda ya zo yi masa barka da sauka yake da shawara. Wasu suka ce ya canza duka nan take kafin gwamnati ta karya farashin, wasu suka ce ya ɓoye har ta kai dubu. Ba shi da asusun dala, kuma yana ɗari-ɗari da buɗewa domin ya ji yadda aka hana zuba tsabar kuɗin waje a irin waɗannan asusu daga Agustan 2015 har zuwa Janairun 2016, don haka kuɗin suka yi makonni a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a gidan bariki da kowa ya san maigidan ya dawo daga Sudan. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Daga ƙarshe muka tafi Wapa, kasuwar 'yan canji a Kano, ya canza abin da zai biya mai shago da adashi da ni da ƙanensa, ya kuma goge ragowar bashin banki gaba ɗaya don albashinsa ya samu 'yanci. Sauran ya buɗe asusun dala ya zuba, yana canzawa kaɗan-kaɗan gwargwadon aikin gini. Dala ta kai wajen naira 520 a Fabrairun 2017, sannan ta sauko ƙasa da 400 cikin 'yan watanni, don haka wanda ya canza duka da wuri ya yi cizon yatsa, wanda ya jira dubu ma ya yi. Shi bai kama ƙololuwa ba, bai kuma faɗa rami ba, kuma a ganina abin da ya dace da mai iyali ke nan, tunda shi ba ɗan canji ba ne.

Bayan shekara biyu aka sake tura shi wani aiki mai nisa, wannan karon a cikin ƙasa, kuma shirin da ya yi ya bambanta. Wata guda kafin tafiya ya ɗauki ƙanwata suka je banki, aka buɗe mata asusu da sunanta da BVN ɗinta da layin wayar da ita ta yi wa rajista da yatsunta. Ya sa hannu a takardar umarni cewa kowane wata, kwana biyu bayan shigar albashi, a tura kaso kaza zuwa asusunta, ya kuma zuba mata kuɗin cefanen wata uku a gefe wanda ba a taɓawa sai hanya ta toshe. Kason tsohuwa yana tafiya asusun ƙanen, adadi sananne, ba kati ba. Ya jera katin aikinsa da takardun bankunan biyu da rajistar layinsa a kan tabarma, muka bi su harafi bayan harafi har muka tabbata sunan da ranar haihuwar iri ɗaya ne a ko'ina. Ya sabunta sunan magaji a takardun aiki, domin ashe mahaifinsa da ya rasu tun tuni ne a rubuce a can, sannan ya zauna da limamin bariki da shaidu biyu aka rubuta basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi. Ya sayi littafi mai bango ja ya ba matar, ya ce duk wanda ya zo da buƙata daga dangi a rubuta sunansa da abin da ya nema, a jira kiransa na ranar Juma'a. A watansa na huɗu a can katinsa ya daina aiki saboda wa'adinsa ya cika, ya kira yana tambaya ko abin ya shafe su, ƙanwata ta ce masa kuɗin sun shigo tun shekaranjiya, har ta biya na makaranta.